Daga Chikaji zuwa Garnada

Hutun kwana huɗu muka samu, muka bar Chikaji zuwa Garnada ta ƙasar Sifaniya. A fadar Alhambra muka tsaya muna karanta Larabcin da ke jikin bango. A 1492 sarkin Musulmi na ƙarshe ya miƙa garin, jama'a suka yi ta hijira zuwa Fas ta Maroko, cikinsu har da iyayen Hasan al-Wazzan. Littafinsa da aka buga a Italiya a 1550 ya kai wa Turawa labarin Kano, Katsina da Zazzau, har ya ce saboda sanyi Zagezagi kan sa garwashi ƙarƙashin gado. Mu haifaffun Zariya, sai da muka dawo muka nemi littafin.