Bath: Garin da Ruwan Zafi ya Gina

Bath gari ne a kudu maso yammacin Ingila, a bakin kogin Avon, wanda ya yi suna saboda maɓulɓulan ruwan zafi guda uku da ke tsakiyarsa. Babbar cikinsu tana tunkuɗo ruwa fiye da lita miliyan 1 a kullum, da zafin digiri 46. Wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari, mai digiri 31, zai gane cewa wannan ya wuce ɗumi. Asalinsa ruwan sama ne da ya sauka a kan tuddan Mendip dubban shekaru da suka wuce, ya nutse can ƙasa ya ɗauki zafi, sannan ya taso ta tsagar dutse.

Wajajen shekara ta 60 zuwa 70 miladiyya Rumawa suka gina wurin bauta da wuraren wanka a kan maɓulɓular, suka kira garin Aquae Sulis, da sunan gunkiyar da mutanen yankin ke bauta wa. An tono tsabar kuɗi fiye da 12,000 da masu neman biyan bukata suka jefa cikin ruwan. Abin da ya fi taɓa zuciya kuwa shi ne 'yan fallayen dalma kusan 130 da aka rubuta koke a kansu. Yawancinsu na waɗanda aka yi wa sata ne: mutum ya tuɓe ya shiga wanka, ya fito ya tarar da riga ta yi ƙafa. Wani mai suna Docimedis, da aka ɗauke masa safar hannu, ya roƙi gunkiyar ta sa ɓarawon ya rasa hankalinsa da idanunsa.

Da mulkin Rum ya kau, rufin wuraren wankan ya rushe, laka ta binne wurin.

Ruwan dai bai daina fitowa ba, marasa lafiya kuma ba su daina zuwa ba. A 1687 Sarauniya Mary, matar Sarki James na II, ta yi wanka a nan tana neman haihuwa, shekara na zagayowa ta haifi ɗa namiji. Sarauniya Anne ta zo a 1702, sai masu hannu da shuni suka biyo sawu. Richard Nash, wanda aka fi sani da Beau Nash, ya zama sarkin shagalin garin, shi ke tsara wanka da shan ruwa da safe, rawa da caca da dare.

Talaka ma ya samu rabonsa. A 1742 aka buɗe asibitin ruwan ma'adinai domin marasa galihu da ke zuwa daga nesa, kuma Dakta William Oliver na cikin likitocinsa na farko. Kafin a ba mutum gado sai an ajiye masa kuɗin komawa gida, ko na jana'iza idan kwana ya ƙare. Masu sanyin ƙashi da cututtukan fata sun yi yawa, haka ma waɗanda gubar dalma ta shanye wa hannu. Likitocin sun riƙa rubuta yadda kowa ya zo da yadda ya tafi, kuma wannan ɗawainiya ta cancanci yabo.

Sai a ƙarshen shekarun 1870 Manjo Charles Davis ya tono babban wurin wankan Rumawa. A 1978 wata yarinya ta rasu bayan ta yi iyo a ruwan, aka gano wata ƙwayar cuta mai kama ƙwaƙwalwa, aka rufe wuraren wanka. Shekaru 28 aka yi kafin a buɗe Thermae Bath Spa a 2006, da ruwan da ake jawowa ta sababbin rijiyoyin burtsatse. UNESCO ta saka garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Tsohon tafkin Rumawa yana nan, kore shar saboda gansakuka, ana kallo amma an hana shiga.