Daga Zaren Kaba Zuwa Baƙar Leda: Tarihin Ƙunshin Nama a Yola

Sa'ad da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, ƙunshe nama ba ya cikin abin da ya dami mahauci. Shanu na hannun Fulani a rugage, fawa kuwa galibi sana'ar Hausawa ce ƙarƙashin Sarkin Fawa, kamar yadda take a sauran manyan garuruwan masarautarsa ta Fombina. A yanka da asuba, a kasa kashi-kashi, kafin la'asar kasuwa ta watse. Mai saye kan zo da ƙwaryarsa ko akushi. Wanda ya zo hannu rabbana, sai mahauci ya huda tsokar da wuƙa, ya zura zaren kaba ya ƙulla, mutum ya tafi yana lilo da ita, kowa a hanya ya san yau gidan wane miya za ta yi daɗi. Kayan ciki, da ba sa ratayuwa, a naɗe su a ganye. Abin da ya yi kwantai kuma wuta ce makomarsa, ko tsire ko balangu, ko a shanya shi a rana ya zama kilishi.

Takarda ta yawaita ne bayan Turawan Ingila sun ci Yola a 1901, Jimeta ta bunƙasa a matsayin tashar jiragen ruwa a bakin Binuwai, inda ake sauke gishiri da yadi da siminti idan kogi ya cika. Buhun siminti na takarda ya dace da mahauta: ga kauri, ga ninki-ninki, ga shanye jini da maiƙo. Da masana'antar siminti ta Ashaka ta fara aiki a 1979, abin ya ƙara samuwa a wannan yanki. Tsohuwar jarida ta biyo baya, har yau masu tsire ba su rabu da ita ba, duk da cewa tawadar bugu ba abin ci ba ce.

Leda kuwa daga nesa ta taso. A 1933 aka gano sinadarin da ake yin ta da shi a wani ɗakin bincike na kamfanin ICI a Ingila, a 1965 kuma kamfanin Celloplast na ƙasar Suwidin ya yi rajistar jakar leda mai hannu wadda Sten Gustaf Thulin ya tsara. Wajen shekarun 1980 ta mamaye kasuwanninmu. Ba ta yoyo, ba ta da tsada, mahauci ma kyauta yake bayarwa. Daga nan zuwa kasuwa da kwano ya zama tsohon yayi, kuma ana iya sayen nama a kasuwar Jimeta a damƙa wa mai Keke Napep ya kai har Mbamba ba tare da ya ɓata wa kowa riga ba.

Wancan ƙunshin da ake gani a manyan kantuna, nama a faranti an lulluɓe shi da farar leda da farashi manne, wata buƙata ce dabam ta haife shi. A Amurka nama tafiya yake yi mai nisa. Tun wajen 1880 Gustavus Swift yake aika shi daga Cikago a taragon jirgin ƙasa mai ƙanƙara. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kantuna suka koma barin mai saye ya ɗauka da kansa, dole aka riƙa yankawa ana naɗewa tun kafin ya iso. A 1967 kamfanin Iowa Beef Packers ya fara tura nama cikin kwali, a ledar da aka zuƙe wa iska. Irin wannan yakan yi duhu amma ya yi makonni, na farantin kuwa ledarsa tana barin iska ta shiga don ya tsaya ja wur, sai dai kwanakinsa kaɗan ne. Dukansu biyun sanyi ne jigonsu. In babu firij mai aiki dare da rana, ƙunshin ado ne kawai.

Shi ya sa bai yi saiwa a nan ba. Babban kantin Shoprite ya buɗe a Legas a 2005, ya iso Kano a 2014, ya rufe reshen a 2024. A Jimeta akwai shagunan firiza masu sayar da kaji da kifi da ɗan nama a leda, amma yawancin magidanta teburin mahauci suke nufa. Ban ga laifinsu ba. Mutum yana so ya san wanda ya yanka, ya juya tsokar ya gani, ya taya, a yi masa gyara. Cefanen yini guda yake yi, ga wutar lantarki ba tabbas, ga zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40. A irin wannan rana, naman da aka ƙulle a baƙar leda gumi yake yi, in an yi sakaci ya fara bashi kafin a ɗora tukunya.

Ledar ma ba ta tsaya a kasuwa ba. Iska na kwashe ta zuwa juji da makiyaya, shanu da tumaki su haɗiye. Mahauta a kwata sun saba farka tumbi su tarar da ita a cure kamar igiya. Dabbar da ta tara ta a ciki takan yi ta ramewa ko ga ciyawa a gabanta, ranar da aka kai ta kara a Ngurore kuma dillali ya taya ta a wulaƙance.