Daga Cire Tallafi zuwa Layin Shinkafa

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Bola Tinubu ya sha rantsuwar kama aiki a Abuja, kuma a jawabinsa ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta doshi 500, a Arewa ma ta haura. Cikin watan Yuni aka bar kasuwa ta yi wa naira farashi. Dalar da ke kusan naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024.

Kuɗin mota ya fara tashi, hatsi ya bi sahu. Magidancin da ya saba auno kwano ya koma gwangwani, gidaje da dama suka daina ɗora tukunya sau uku. A wasu kasuwannin Arewa aka shiga neman afafata, ragowar shinkafar da masu casa kan zubar ko su sayar wa masu kiwon kifi. Sai an daɗe ana tsince ta kafin ta shiga tukunya, amma ita aljihu ke iya ɗauka a lokacin da buhun shinkafa ya haura naira 70,000, mafi ƙarancin albashi kuwa yana 30,000. A Fabrairun nan mata suka tare hanya a Minna, a Kano kuma masu gurasa suka fito kan tsadar fulawa.

Tsada ta zo a guje, agaji ya taho da rarrafe. Da farko an ambaci naira 8,000 duk wata ga gidaje miliyan 12, mutane suka ce ko kuɗin cefanen mako bai kai ba, aka janye. A Agustan 2023 aka ware wa kowace jiha naira biliyan 5 da tirelolin shinkafa, wai don rage raɗaɗi. Inda rabon ya kai unguwa, sau da yawa mudu ɗaya ko biyu ne ke isa gida. A Oktoba aka ƙaddamar da naira 25,000 duk wata na tsawon wata uku ga gidaje miliyan 15, sai dai a Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai, Betta Edu, bisa zargin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum, shirin ma aka tsayar da shi. Da aka dawo da biya, an gindaya sharaɗin lambar NIN da asusun banki. A takarda dabara ce ta toshe kafar sata, amma bazawarar ƙauye da tsohon da bai taɓa taka banki ba su ta fara tankaɗewa.

A Yulin 2024 albashi mafi ƙanƙanta ya koma naira 70,000, abin da bai shafi ɗan dako da mai tallar ƙosai ba. Ranar 1 ga Agusta zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke, aka rasa rayuka, aka sa dokar hana fita a Kano da wasu jihohi.

Shekarar ta rufe da hauhawar farashi ta kashi 34.8 cikin ɗari. A Disambar nan aka yi turmutsutsu wajen rabon abinci a Okija da Abuja. A Ibadan, inda aka yi wa yara alkawarin abinci da naira 5,000, yara 35 ne suka mutu.