Rabon Jirage da Rabon Mutane: Matuƙan Taskigi, 1941-1949

A kowace rundunar mayaƙan sama akwai ranar da ɗaliban tuƙi suke jira da faɗuwar gaba fiye da ranar jarrabawa, wato ranar rabo. A ranar ne ake shaida wa kowane ɗalibi irin jirgin da zai tuƙa da rukunin da zai shiga. A Amurka abu uku aka saba aunawa: matsayin ɗalibi a cikin ajinsa, da jerin jiragen da ya rubuta yana so, da bukatar rundunar a wannan lokaci. Na ukun ne mai rinjaye. In babu gurbi a jiragen farauta, wato ƙananan jiragen yaƙi masu kakkaɓo jiragen abokan gaba, to ko zakaran aji sai ya haƙura da abin da ya samu. Amma an yi zamanin da ake da ma'auni na huɗu wanda ya danne sauran ukun, shi ne launin fata. Tarihin matuƙan Taskigi tarihin wannan ma'aunin ne.

Kafin 1941 babu baƙar fata ko ɗaya da ke tuƙa jirgin sojan Amurka. Eugene Bullard, haifaffen jihar Jojiya, ya tuƙa jirgin farauta a 1917, amma ƙarƙashin tutar Faransa. Da ya nemi komawa rundunar ƙasarsa ba a karɓe shi ba. Benjamin O. Davis ƙarami kuwa, wanda ya gama makarantar hafsoshi ta West Point a 1936, ya nemi shiga sojan sama aka mayar masa da takardarsa. Hujjar da aka ba shi ita ce babu rukunin baƙaƙe da za a sa shi. Hujja ce mai cizon wutsiyarta: ba a horar da baƙi domin babu rukuninsu, ba a kuma kafa rukunin ba domin babu horarru.

Matsin lambar jaridun baƙaƙe da ƙungiyoyinsu, da lissafin ƙuri'un zaɓen 1940, su suka tsinka wannan igiya. A watan Maris na 1941 aka kafa rukuni na 99, aka kuma gina masa filin horo a Taskigi, cikin jihar Alabama. Ajin farko ya fara da mutum 13, biyar suka kai ga samun fukafukai a watan Maris na 1942, Davis na cikinsu.

A nan ne mai karatu zai yi tambaya: me ya sa hukumar da ke shakkar basirar waɗannan samari ta sa su a jirgin farauta, wanda shi ne burin kowane ɗalibi? A sauran makarantu, bayan matakin tsakiya na horo, ana raba ɗalibai gida biyu. Wasu su tafi jirage masu inji ɗaya, hanyar farauta ke nan. Wasu su tafi masu inji biyu, hanyar jiragen bama-bamai da na dako. Ana duba maki, da shaidar malamai, da son ran ɗalibi, har da tsawon jiki, tun da mazaunin jirgin farauta matsattse ne. A Taskigi kuwa, a shekarun farko, hanya ɗaya ce tak. Dalilin ba girmamawa ba ne, sauƙin wariya ne. Jirgin farauta kujera ɗaya gare shi. Babban jirgin bama-bamai kuwa yana ɗaukar mutum kusan goma, da mai duba hanya, da mai sakin bam, da maharba, kowane da makarantarsa. Ke nan sai dai a gina wa baƙaƙe makarantu barkatai, ko a haɗa su aji ɗaya da farare. Jirgi mai kujera ɗaya ya hutar da hukuma daga duka biyun.

A watan Afrilu na 1943 rukuni na 99 ya sauka Kazablanka, a Maroko, aka ba shi jirage samfurin P-40. An sha faɗin cewa tsofaffin jirage aka zuba musu, amma a wannan karon zancen bai tsaya da ƙafafunsa ba: sababbi aka ba su, kuma irinsu ne fararen gungu na 33, wanda aka jingina su da shi, suke tuƙawa. (Gungu shi ne rukuni uku a ƙarƙashin kwamanda ɗaya.) Matsalar tana wani wuri. Sabon matuƙi fari, in ya iso fagen daga, ana saka shi a rukunin da ke da tsofaffin hannu, ya riƙa tashi a gefen wanda ya ga jiya ya ga yau har idonsa ya buɗe. Rukuni na 99 kuwa, daga kwamanda har autansu, babu wanda ya taɓa jin ƙarar harsashi a sama, kuma dokar wariya ta hana a sa musu gogaggen fari a cikinsu. Sun fara yaƙi ranar 2 ga Yuni a kan tsibirin Pantelleriya, Charles Hall ya kakkaɓo jirgin Jamus na farko ranar 2 ga Yuli. Daga nan sai aka shafe watanni ba su ƙara ba, domin yawancin aikin da aka ba su na kai hari ƙasa ne, inda ba a cika gamuwa da jiragen abokan gaba ba.

Kwamandan gungun, Kanal William Momyer, ya rubuta rahoto a watan Satumba yana zarginsu da rashin zafin nama, manyansa kuma suka ba da shawarar a mayar da su sintirin bakin teku. Wato an hana mutum zuwa kasuwa, sannan ana tuhumarsa da rashin ciniki. Davis ya kare su a gaban wani kwamitin ma'aikatar yaƙi a Washinton, aka jinkirta hukunci. Amsar ta zo a Anziyo, a Italiya, ranakun 27 da 28 ga Janairu na 1944, lokacin da jiragen Jamus suka zo da yawa: cikin kwana biyu rukunin ya kakkaɓo fiye da goma. Binciken alƙaluma da rundunar ta yi bayan haka bai ga wani bambancin kirki tsakaninsu da sauran rukunonin P-40 na yankin ba.

Sauran rukunoni uku na baƙaƙe, na 100 da na 301 da na 302, waɗanda suka haɗu suka zama gungu na 332, sun iso Italiya a farkon 1944. Su kam an ba su P-39, jirgin da ba ya da kuzari in ya yi sama sosai, aka sa su gadin tashar jiragen ruwa ta Napoli. Abin da ya fitar da su daga nan ba sauyin zuciya ba ne, bukata ce. Manyan jiragen bama-bamai masu tashi daga Italiya zuwa Jamus da Ostiriya da Romaniya suna faɗuwa da yawa, ana neman masu rakiya ido rufe. Janar Ira Eaker ya mayar da gungun ga wannan aiki. Suka koma filin Ramitelli, suka fara fita yaƙi da P-47 a watan Yuni, sannan P-51 Mustang a watan Yuli, jirgi mai dogon zango wanda suka shafa wa jan fenti a wutsiya. Rukuni na 99 ya tarar da su a can, gungun ya zama mai rukuni huɗu maimakon uku, don kawai babu inda za a kai baƙaƙen sai wurin ƴan'uwansu.

Cikin watanni shida an canza musu jirgi sau biyu, kuma da kowane canji sunansu ya canza a bakin mutane, alhali matuƙan su ne dai na jiya. An daɗe ana cewa ba a taɓa harbo jirgin da suka raka ba. Takardun rundunar, waɗanda masanin tarihi Daniel Haulman ya bi diddiginsu, sun nuna an harbo 27 a cikin rakiya 179 da suka yi. Gaskiyar ta fi almarar daraja, domin matsakaicin asarar sauran gungunan rakiya na wannan runduna ya kai 46.

Akwai kuma wani nauyi da ba a cika ambata ba. Matuƙin farauta fari a wannan fage yakan koma gida bayan fita kusan 50, wani ya maye gurbinsa daga kowace makaranta. Magajin baƙin matuƙi kuwa daga Taskigi kaɗai zai fito, ita kuma ƴan kaɗan take yayewa. Saboda haka da yawansu suka kai fita 70 kafin a sallame su. Daga cikin matuƙa 992 da makarantar ta yaye, 355 ne suka je fagen daga. Waɗanda aka karkatar zuwa gungun bama-bamai na 477, mai jiragen B-25, ba su ga yaƙi ba sam. Abin da aka fi tunawa da su shi ne kama hafsoshinsu 101 a filin Freeman a watan Afrilu na 1945, kan rikicin shiga gidan shaƙatawar hafsoshi.

Ranar 26 ga Yuli na 1948 shugaba Harry Truman ya sa hannu a kan dokar daidaita kowa a aikin soja. Rundunar sama, wadda ta zama mai cin gashin kanta a 1947, ta riga sauran aiwatarwa, kuma lissafi na cikin dalilanta: tana da baƙaƙen ƙwararru jibge a fili ɗaya, Lockbourne ta jihar Ohayo, ba ta iya kai su inda ake ƙarancinsu. A watan Mayu na 1949 matuƙan gungu na 332 suka lashe gasar harbi ta rundunar a Las Vegas, a ajin jirage masu farfela. Ranar 1 ga Yuli aka rushe gungun, aka tantance mutanensa ɗaya bayan ɗaya, aka rarraba su cikin rukunonin da a da na farare ne. James Harvey, ɗaya daga cikin waɗanda suka ci gasar, an tura shi Japan, ya tuƙa jirgin jet samfurin F-80 a yaƙin Koriya. Davis kuwa, a ƙarshen 1953, an ba shi jagorancin reshe na 51 na jiragen farauta a Koriya ta Kudu, mai jiragen F-86, inda mafi yawan matuƙan da ke ƙarƙashinsa farare ne.