Gubar Kabon Monoksaid: Iskar Gawayi da Janareta a Rufaffen Ɗaki

Kabon monoksaid iska ce mai guba da ke fitowa idan gawayi, itace, fetur, kalanzir ko gas suna ci da wuta a wurin da iska ba ta wadata ba. Likitoci suna rubuta ta da haruffa biyu, CO. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye, shi ya sa mutum zai iya shaƙar ta yana barci har rai ya yi halinsa bai farka ba. A yankin Ikara, Makarfi da Kudan haɗarin ya fi yawa lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ake shiga da kaskon wuta ɗaki, da kuma duk daren da aka ɗauke wuta aka tada janareta a cikin gida.

Yadda wuta ke haifar da ita

Duk makamashin da muke hurawa yana ɗauke da sinadarin kabon. Ƙonewa ita ce haɗuwar wannan kabon da iskar oksijin, wadda ta kai kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. A wurin haɗuwar ne zafi ke fita.

Idan oksijin ta wadata, kowace ƙwayar kabon tana kama ƙwayar oksijin biyu, sai a sami kabon dayoksaid, irin iskar da mu ma muke fitarwa a numfashi. Idan oksijin ta yi ƙaranci, ƙwaya ɗaya kabon zai samu, sai a sami kabon monoksaid. Ana ganin bambancin har a yawan zafi. Giram 12 na kabon, in ya ƙone sosai, yana ba da zafin da ya kai kilojul 394. In ya tsaya a kabon monoksaid, kilojul 110 kawai zai bayar, bai kai sulusi ba. Ke nan wutar da aka hana wa iska ga ƙarancin ɗumi, ga guba.

Maƙeri ya san haka, shi ya sa ba ya rabuwa da zugazugi. Masu dafa mazarƙwaila ma sun sani: murhun da ƙofar iskarsa ta toshe hayaƙi yake yi, ruwan rake ya daɗe bai tafasa ba.

Akwai kuskuren da ya yaɗu. Mutane kan bar gawayi a tsakar gida har hayaƙi ya ɗauke, sannan su shiga da jan garwashin ɗaki, suna ganin an tsira. Hayaƙin da ido ke gani daban, kabon monoksaid daban. Garwashin da ba ya hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita har sai ya mutu.

Abin da take yi wa jiki

Jiki ma ƙona abinci yake yi, amma a hankali, ba da harshen wuta ba. Yana haɗa sukarin da ke cikin jini da oksijin domin samun kuzari. Abin da ke ɗauko oksijin daga huhu ya kai ta ko'ina shi ne himogulobin, sinadarin da ke sa jini ja.

Kabon monoksaid tana manne wa himogulobin fiye da oksijin sau 200 zuwa 250. Ko kaɗan ce a ɗaki, tana taruwa a jini tana ƙwace gurbin oksijin, kuma ɗan oksijin da ya rage jinin ba ya sakinsa da sauƙi. Ƙwaƙwalwa da zuciya ne suka fi jin jiki, domin su suka fi bukatar oksijin. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na oksijin ɗin da jiki ke amfani da shi.

Inda aka fi gamuwa da ita

- Kaskon gawayi ko garwashi a ɗakin kwana da aka rufe ƙofa da taga.
- Ɗakin mai jego da ake hura wuta a ciki domin ɗuma uwa da jariri.
- Janareta a zaure, baranda, shago, banɗaki ko ƙarƙashin bene, saboda ruwan sama ko tsoron ɓarayi.
- Injin ban ruwa mai amfani da fetur da aka zura cikin rijiya ko rami mai zurfi a fadama.
- Risho ko murhun gas a ƙaramin ɗaki marar taga.
- Mota ko babur da aka bari a kunne a rufaffen wuri.

Alamomi

Da farko akan ji ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya ko amai. In aka ci gaba da shaƙa, sai ruɗewa, gani dishi-dishi, faɗuwar gaba, ciwon ƙirji da kasa miƙewa tsaye. Daga nan suma, jijjiga, sai mutuwa. Jariri yakan ƙi kama nono, jikinsa ya saki, ko ya yi ta barci ba a iya tada shi.

Sau da yawa ana ɗaukar wannan a matsayin zazzaɓin cizon sauro, gubar abinci, ko ma a ce iska ne ko sammu. Abubuwa huɗu suna nuna cewa kabon monoksaid ce:

1. Mutane da yawa da suka kwana ɗaki ɗaya sun kamu lokaci guda.
2. Babu zazzaɓi.
3. Ana samun sauƙi da an fita waje, ciwon ya dawo in an koma ciki.
4. Akwai wuta ko inji a kunne a kusa.

Waɗanda suka fi shiga haɗari

Jarirai da ƙananan yara, tsofaffi, masu ciwon zuciya ko huhu, masu cutar sikila da masu ƙarancin jini. Mai juna biyu tana bukatar kulawa ta musamman, domin jinin ɗan da ke ciki ya fi na uwa riƙe gubar, kuma ya fi jinkirin fitar da ita. Uwa za ta iya jin ta warware alhali ɗan yana cikin wahala.

Taimakon gaggawa

1. A buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da kowa waje nan take.
2. A kashe inji ko a fitar da kaskon, in hakan ba zai jinkirta fita ba.
3. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe kada amai ya shaƙe shi.
4. In ba ya numfashi, a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, a nemi taimako. Lambar gaggawa ita ce 112.
5. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara, manja ko ruwa. Ba sa karya wannan guba, kuma za su iya bi ta hanyar numfashi su shiga huhu.
6. Kada kowa ya shiga rijiya don ceto wanda ya faɗi a ciki kusa da inji. Iskar da ta kayar da na farko za ta kayar da na biyu.
7. A kai duk wanda ya kwana a ɗakin asibiti, har da wanda ya ce ya ji sauƙi.

Magani a asibiti

Maganinta shi ne oksijin tsantsa ta abin rufe hanci da baki. A iskar waje, jiki yana ɗaukar awa 4 zuwa 5 kafin ya fitar da rabin gubar. Da oksijin tsantsa, rabin yana fita cikin kimanin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Akan ci gaba da bayarwa na awoyi, har alamomi su gushe.

A fara zuwa asibiti mafi kusa da ke da oksijin, a Ikara, Makarfi ko Hunkuyi. Wanda ya suma, mai ciwon ƙirji da mai juna biyu, likita zai iya tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, domin gwajin zuciya da ƙarin kulawa.

Wajibi ne a gaya wa likita cewa an kwana da gawayi ko janareta. Ɗan na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin ba ya bambanta jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ke ɗauke da gubar, don haka zai iya nuna lamba mai kyau alhali majinyaci na cikin haɗari.

Bayan an sallame shi

Wasu sukan warke, sannan bayan kwana 2 zuwa 40 su fara mantuwa, canjin hali, rawar jiki ko tangaɗi wajen tafiya. Wannan illar gubar ce ga ƙwaƙwalwa. Duk wanda aka ga haka tare da shi, a mayar da shi asibiti, a kuma tuna wa likita abin da ya faru.

Rigakafi

- Kada a kwana da kasko ko garwashi a ɗaki. A ji ɗumi a waje, a kashe wutar, a ƙara bargo da rigar sanyi.
- A ɗakin mai jego, a dafa ruwa a waje. A ɗuma jariri da tufafi, hula da jikin mahaifiyarsa.
- A ajiye janareta a fili, nesa da ƙofa da taga da aƙalla mita 6, bakin salansa yana kallon wani gefe. In ana tsoron sata, a yi masa kejin ƙarfe a waje.
- Injin ban ruwa ya zauna a bakin rijiya, a zura tiyo kawai.
- Wutar murhun gas shuɗiya ya kamata ta kasance. In ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta tukunya, a kai gyara.
- Mai hali ya sayi na'urar da ke ƙara idan ta ji kabon monoksaid, ya rataye ta kusa da ɗakin kwana.

Buɗe taga kaɗan bai isa kariya ba matuƙar gawayi ko inji na ci a cikin ɗaki.