Tarihin Yoga

Yoga hanya ce ta horar da jiki da numfashi da zuciya, wadda ta tsiro a ƙasar Indiya sama da shekara dubu biyu da suka wuce. Sunan ya fito daga harshen Sanskrit, daga tushen kalmar da ke nufin ɗaure abu biyu wuri guda, kamar yadda manomin Gwiwa ko Roni ke ɗora wa shanun huɗa karkiya don su ja garma tare, kada ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma. A nan, abin da ake sa wa karkiyar shi ne tunanin mutum da gaɓoɓinsa.

An fara bayyana ta sosai a littattafan addinin Hindu irin su Katha Upanishad da Bhagavad Gita, mabiya Buddha da Jain ma suna da irin tasu. Wanda ya tsara ta shi ne Patanjali, a wani ɗan littafi mai gajerun jimloli kusan 195, da masana ke ajiyewa tsakanin ƙarni na 2 da na 5. Ya kasa ta hawa takwas: kame kai daga cuta da ƙarya da sata, tsabta da wadatar zuci, zama, sarrafa numfashi, janye hankali daga abin da ido da kunne ke kawowa, tattara shi wuri guda, zurfafa tunani, sai nutsewa gaba ɗaya. Batun zama jimla uku kacal ya samu, kuma abin da ake nufi da shi mutum ya zauna daram ba tare da takura ba. Lanƙwashe-lanƙwashen da ake gani a waya yau babu su a ciki. Ko littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15, wanda ya fi ba jiki muhimmanci, salo 15 kawai ya bayyana.

Musulmi sun daɗe da sanin wannan ilimi. Abu Raihan Albiruni, wanda aka haifa a Khwarazm a 973, ya koyi Sanskrit a zamanin Sarki Mahmud na Gazna, ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci a farkon ƙarni na 11. A ƙarni na 16 kuma Shehu Muhammad Gaus na Gwaliyo, jigo a ɗariƙar Shaɗɗariyya, ya fitar da littafin Bahrul Hayat da Farisanci, kuma kwafinsa mai zane na wajajen 1600 yana cikin tsofaffin hotunan salon zaman yoga da suka rage. Wanda ya san zikirin anfasu na 'yan Ƙadiriyya a Kano ba zai yi mamakin yadda sufaye suka kula da numfashi ba, ko da yake kowa da asalinsa da inda ya sa gaba.

Yogar da ta game duniya jaririya ce in an gwada ta da waccan. Swami Vivekananda ya yi jawabi a taron addinai na Cikago a 1893, ya buɗe wa Amurkawa ido. A 1924 Kuvalayananda ya kafa cibiya a Lonavla yana gwada ta da kayan likita. Sai Krishnamacharya, wanda ya koyar a fadar Sarkin Maisur a shekarun 1930, ya jera salo-salo a haɗe da numfashi, a lokacin da atisayen Turawa ke tashe a Indiya. Ɗalibansa ne suka kai ta ko'ina: Iyengar da littafinsa na 1966, Pattabhi Jois, da Indra Devi wadda ta koyar da taurarin Hollywood. A Disamban 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga, ƙasashe 177 suka mara wa ƙudurin baya, aka fara a 2015. Ofishin jakadancin Indiya a Abuja na shirya bikin ranar. A ƙasar Hausa kuwa, mutane da yawa a finafinan Indiya suka fara ganin dattijo ya harɗe ƙafa ya rufe ido, tun kafin su ji sunan abin.

Maganar halacci ta raba malamai. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yogar da ke haɗe da kirarin bauta. Saudiyya kuwa ta amince da ita a sahun wasannin motsa jiki a 2017. Inda aka fi jan daga shi ne kalmomin da ake furtawa da niyyar mai yi.

Ta fuskar lafiya, masu talla sun zarce abin da bincike ya tabbatar. Hujja mafi ƙarfi tana kan ciwon baya mai daɗewa: a 2017 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sa yoga cikin abubuwan da za a gwada kafin a kai ga ƙwayoyi. Tana sassauta gaɓoɓi, tana taimaka wa tsofaffi su tsaya da ƙafarsu, jan numfashi a hankali kuma yana rage bugun zuciya da damuwa. Ba ta maye gurbin maganin hawan jini ko na ciwon suga. Mai juna biyu da mai matsalar ƙashin wuya sai sun nemi shawarar likita, mai hawan jinin ido kuwa an hana shi duk salon da ake kifa kai ƙasa ƙafafu a sama.