Mata Uku Daga Jami'ar Zariya

Yau tarihi za mu taɓa, amma ba na sarakuna da yaƙe-yaƙe ba. Labarin waɗansu mata uku ne da suka yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello cikin shekarun 1970, da yadda rayuwarsu ta kasance bayan sun karɓi digiri. Abin da ya sa na ɗauko shi kuwa, tambayar nan ce da ake yawan yi a tsakar gida idan yarinya ta gama sakandare: to, in ta je jami'ar ma, sai me? Ba ɗakin miji za ta ƙare ba?

An buɗe wannan jami'a a Zariya ranar 4 ga Oktoba 1962, zamanin Firimiyan Jihar Arewa, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, da ɗalibai 426. Mata a cikinsu 'yan ƙalilan ne, kuma ba abin mamaki ba ne, don makarantun sakandare na 'yan mata a Arewa a lokacin ba su taka kara sun karya ba. Wadda ta fi suna ita ce Sakandaren Sarauniya Elizabeth da ke Ilori, wadda aka buɗe a 1956. Ki ƙiyasta uwar da za ta ɗaure wa ƙaramar 'yarta akwati daga Borno ko Bauci, a sa ta a mota, a sauke ta a sa ta a jirgin ƙasa, ba za ta sake ganinta ba sai hutu. Biyu daga cikin matan da zan ba ki labarinsu ta wannan makaranta suka bi.

Ta farko ita ce Zaynab Alkali, wadda aka haifa a 1950 a ƙasar Biu. Ta sami digirinta na Turanci a 1973 a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano. Kada ki ce na ɓata hanya: kwalejin a lokacin reshe ce ta jami'ar Zariya, sai a 1977 ta zama Jami'ar Bayero mai cin gashin kanta. Zaynab ta auri masanin tarihi Muhammad Nur Alkali, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Maiduguri, ta haifi 'ya'yanta, tana koyarwa tana reno. Shekara 11 bayan digirin, a 1984, littafinta na farko mai suna The Stillborn ya fito, aka kuma san ta a matsayin mace ta farko daga Arewa da ta yi suna wajen rubuta ƙagaggen labari da Turanci. Labarin wata yarinyar ƙauye ce mai suna Li, wadda ta ɗora dukkan burinta a kan aure da zaman birni. Mijin ya tafi birnin ya bar ta tana jira shekara da shekaru, ƙarshe dai karatun malanta ne ya tsayar da ita da ƙafarta, har ta zama ita ke riƙe da gidan mahaifinta. Wace unguwa ce babu irin Li a cikinta?

Ta biyu takwararta ce, Zainab Adamu Bulkachuwa, ita ma haihuwar 1950, 'yar asalin ƙasar Gombe. Ta karanta shari'a a Zariya, ta gama a 1975, ta zama lauya a 1976. Ita tata tafiyar hawa-hawa ce, kamar mai hawan tsani da tulu a ka. Ta fara daga majistare. A 1987 ta zama alƙaliyar babbar kotu a Jihar Bauci. Da aka yanke Gombe daga Bauci, ta zama Babbar Jojin sabuwar jihar a 1997, shekara guda bayan haka aka ɗaga ta zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Sai a 2014 aka tabbatar da ita shugabar wannan kotu, mace ta farko da ta hau kujerar. In kin lissafa, shekara 39 ke nan daga ranar da ta bar jami'a. Yarinyar da aka haifa a shekarar da ta gama karatu, kafin wannan rana ta zo ita ma ta kai munzilin aurar da 'ya.

Kuma muƙamin bai raba ta da sha'anin gidan aure ba. A 2019 tana shugabantar kotun sauraron ƙarar zaɓen shugaban ƙasa, sai masu ƙara suka ce ba su yarda ba, don mijinta zaɓaɓɓen sanata ne a jam'iyya mai mulki. Ta janye daga shari'ar. Ta yi ritaya a Maris 2020, da ta cika shekara 70. Ni dai abin da na lura da shi, ba kasafai ake tambayar alƙali namiji jam'iyyar matarsa ba, amma mace duk inda ta kai da inuwar mijinta ake auna ta.

Ta ukun ita ce zan fi daɗewa a kanta, don aikinta ya fi shigowa cikin gidajenmu. Hajiya Bilkisu Yusuf Bakanuwa ce, an haife ta a 1952, ta yi Kwalejin 'Yan Mata ta Dala, ta karanta kimiyyar siyasa a Zariya. Ta ƙaro digiri na biyu a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, ta kuma je Mosko ta ƙara ilmin aikin jarida. A 1983 ta zama editar jaridar Sunday Triumph ta Kano. A 1987 ta koma Kaduna editar New Nigerian, 'yar'uwar Gaskiya Ta Fi Kwabo da kika sani. A wancan zamani wannan jarida ba ta wasa ba ce, abin da ta rubuta da safe shi manya ke tattaunawa da yamma, ga shi mace ce ke cewa wannan labari ya shiga, wancan a ajiye shi. A 1990 tana cikin waɗanda suka fara mujallar Citizen.

Amma kin san wani abu? Mata da yawa da suka amfana da ita ba su taɓa karanta jaridar Turanci ba. A 1985 aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a Minna, Hajiya Aisha Lemu ce amirarta ta farko. Bilkisu tana cikin waɗanda aka fara da su, daga baya ita ma ta zama amira ta ƙasa. Ƙungiyar ta buɗe makarantu da asibitoci da azuzuwan yaƙi da jahilci na matan aure. Watakila ke ma, ko wata maƙwabciyarki, a irin wannan aji aka koyi haɗa baƙi. Sannan ta ɗauki maganar mutuwar mata wajen haihuwa ta riƙe ta gam, tana rubutu, tana bin gwamnatoci a ware wa asibitocin haihuwa kuɗi. Wannan kuwa ba ruwanta da mai digiri ko marar digiri. Duk wadda ta taɓa durƙusawa kan gwiwa cikin dare, babu mota, babu jini a asibiti, ta san zancen. A Kaduna kuma, garin da ya sha rikicin addini, ta zauna da mata Kirista suka yi majalisar neman zaman lafiya tare.

Bari in ɗan yi ratse, kada wata ta ji kamar ana cewa wadda ba ta je jami'a ba ba kowa ba ce. Wannan jami'a ta Zariya da kanta, a 1977, ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa na dakta. Maginiyar tukwane ce daga Kwali, kusa da Abuja, ba ta yi boko ba, wurin gwaggonta ta koyi ginin tukunya. Hotonta ne a bayan takardar naira ashirin. In akwai ta a bakin zanenki, kwance ki duba.

To mu koma kan tambayarmu ta farko. Dukansu uku sun yi aure, babu wadda karatu ya hana ta ɗakin miji. Abin da dai ya bayyana shi ne, amfanin karatun bai fito a shekarar da aka gama shi ba. Ɗaya sai da ta yi shekara 11, ɗaya shekara 39, kuma iyayen da suka ɗaure musu akwati tun farko ba su da tabbacin za su ga ranar.

Hajiya Bilkisu ta tafi aikin Hajji a 2015, tana cikin masu kula da alhazai mata na Nijeriya. Ranar 24 ga Satumba, ranar Babbar Salla, aka yi turmutsitsin nan na Mina a hanyar zuwa jifan Shaiɗan, wanda ya ci rayukan ɗaruruwan alhazai daga ƙasashe daban-daban. Tana cikin waɗanda suka rasu, tana da shekara 62. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan iyayenmu.